Ɗaya Tsaya, Biyu Taho

Tunda 'yata Hafsatu ta kwaso ku kun cika min falo da dariya, to ku bar direban ya yi magana. Malaminku na can jami'ar da ke Aldwych ya ba ku tsohon fim na Ingila ku kalla, baƙi da fari, na direbobin tifa masu tseren kai tsakuwa. Kun kalla a kwamfuta kuna cin gyaɗata, kuna cewa ai da kyamara aka ƙara wa motocin gudu. Gaskiyarku, an ƙara. Babu tifar da za ta sha kwana haka da lodi a bayanta ba ta kwanta ba. Amma da mai gilashin nan ya ce min, "Uncle, yanzu ai it's easy, automatic ce, ga camera ko'ina," sai na ga ba zan bar maganar ta wuce ba. Na tuƙa tifa a garin nan na London har gashin kaina ya koma kalar siminti, kuma ban taɓa wayar gari na ce aikin ya yi sauƙi ba.

Fim ɗin nan na san shi tun kafin a yaye wasunku. Tsoho Mick, ɗan Ireland mai kula da yadi, wato filin ajiye motocin kamfanin da na yi wa aiki, yana da kaset ɗinsa a ɗakin shan shayi, yakan kunna mana in ruwan sama ya hana fita. Ya ce irin waɗannan motocin ubansa ya tuƙa, burki sai an roƙe shi, kuma da yawan lodin da mutum ya kai ake biyansa. A nan fim ɗin bai yi ƙarya ba, don har a zamanina akwai kamfanonin da ke tura direba da wannan bulalar. Inda ya gaza shi ne duk gaba yake kallo, gudu, kwana, tsere. Mu a aikinmu gaba ba ta cika cin mutum ba. Baya ce ke ci, kuma a hankali take ci, motar tana tafiya irin ta tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Na fara ne a Kano, karen motar wani Direba Sale, muna ɗebo yashi daga Challawa. Kayan aikina uku ne: waji, wato guntun katakon da ake cusa wa taya don kada mota ta gangara, da jak, da babbar sifana. Madubin motarmu na hagu ɓarayi sun cire, na dama kuma ya tsage, Direba Sale bai damu ya gyara ba, don ya ce ai yana da ni. In za a juye yashi a bakin rami, sai in dira in tsaya daidai ƙafafun baya, sifana a hannu. In na buga bodi sau biyu, taho ke nan. In na buga sau ɗaya, tsaya. Shi ba ya waiwaye, kunne kawai yake karkatarwa wajen taga. Ranar da na tsaya kallon wasu 'yan mata na makara da bugun tsayawa, tayar baya ta zurma, sai da muka yini muna haƙa. Bai zage ni ba. Ya bari muka gama, sannan ya ce, "Habu, raina a hannunka yake, kai kuma kana rabon ido." Da na zama direba na gane abin da yake nufi. Ƙafar dama takan riga kunne jin bugun nan, ka taka burki tukuna sannan ka san an buga.

A London babu karen mota. Kai kaɗai ne a kan motar tun safe har yamma, sai rediyo in kana son surutu. Akwai mutumin da suke kira banksman, mai riga mai ƙyalli, shi ke tsayawa yana ba ka hannu, kai kuma ka nemo shi a madubi. In ya ɓace maka daga madubi, dole ka tsaya, ko da duniya ce ke maka hon. Aikina na farko a wani lungu ne bayan titin Rye Lane, ana haƙa ƙarƙashin tsohon gida. Lungun bai fi motar faɗi da kamu ɗaya ba, motocin mutane a jere hagu da dama, wata mata tana leƙowa ta taga tana zagina da Turancin da ban gama koya ba. Na shiga da baya tun daga bakin titi, gumi ya jiƙa min riga a tsakiyar hunturu, ina ta jiran bugun da ba za a yi ba. A ranar na san cewa sai na sake koyon tuƙi da ido, kamar ban taɓa riƙe sitiyari ba.

Kayan da muke ɗauka galibi laka ce. Ƙasan garin nan laka ce mai shuɗi-shuɗi, mai nauyi, mai danƙo kamar tuwon da ya kwana. Duk inda za a yi dogon gini sai an kwashe ta, mu kai ta gabas, bakin kogi, inda akwai tsofaffin ramukan da aka haƙi tsakuwa ake cike su. Ku da kuke cewa automatic, ku gaya min wane maɓalli ne zai gaya muku lakar ta maƙale a saman bodi bayan kun ɗaga shi sama. In ta maƙale kuma ƙasa ba daidai take ba, motar takan yi tunani kaɗan, sannan ta kwanta a gefenta da kai a ciki. Ana jin abin ne a kujera, wani ɗan rinjaye da ke zuwa ta ƙugu. Masu ba mu aiki kuwa, fomanonin gini, babu ruwansu da wannan. Su dai su ga ramin ya ragu. Wani ya kira ka ɗan'uwa da safe, da rana ya buga wa ofis waya ya ce ka cika nawa.

A yadin nan na haɗu da Danladi. Wata safiya na hangi wani dogon mutum, ya girme ni da 'yan shekaru, yana zagaya motarsa yana ƙwanƙwasa kowace taya da sifana yana saurare. Bature ba ya haka, da ido yake duba taya. Na matsa na ce, "Sannu da aiki." Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai, Bakano ne? Har nan ma kun biyo mu?" Mutumin Bukuru ne, Kirista, ya yi shekaru yana tuƙa tifa a wuraren haƙar kuza kafin matarsa Saratu ta sami aikin jinya a babban asibitin Camberwell ta jawo shi. Tun daga ranar nake ce masa Yaya. In azumi ya zo yakan ɓoye min kwanon abincinsa, ni kuma in Kirsimeti ta zo nakan karɓi aikinsa. Ban taɓa ganin mai iya ribas kamarsa ba. Sai ya cusa motar ƙafa takwas a inda ni zan yi shakkar tura amalanke.

Abu ɗaya na lura da shi. Tagarsa ta gefen direba kullum a ɗan buɗe take, ko ƙanƙara ake yi. Na tsokane shi na ce ko sanyin Jos ne bai ishe shi ba. Bai yi dariya ba. Sai da muka zauna shan shayi a bakin sikeli, inda ake auna lodi, ya ba ni labarin karen motarsa. Ba yaro ba ne, dattijo ne mai furfura, Baba Mato, wanda ya ƙi zama direba don ya ce shi baya ya iya. Tare suka yi aiki a bakin kududdufan kuza, waɗannan masu koren ruwa da ba a san ƙarshen zurfinsu ba, kuma ko sau ɗaya taya ba ta taɓa zurma musu ba. Da Danladi zai taho Ingila sai ya haɗa shi da wani matashin direba. Matashin yana da rediyo mai ƙara. Wata rana Baba Mato ya buga, ba a ji ba, gaɓar ta zabga, da motar da dattijon suka tafi ƙasa. Direban ya fita ta taga. Baba Mato ba a ga ko hularsa ba, kuma Danladi bai sami zuwa ta'aziyya ba saboda takardunsa ba su fito ba a lokacin.

"To me ya haɗa wannan da taga, Yaya?" na ce.

"Yana buga min," ya ce. "Ba kullum ba. In akwai abu a bayana. Ɗaya tak yake bugawa, bai taɓa buga biyu ba."

Ni Musulmi ne, na san wanda ya mutu ya tafi inda ba a dawowa, kuma na gaya masa haka. Ya ce shi ma fastonsu abin da ya ce ke nan. Muka shanye shayinmu.

Wani aiki da muka yi kusa da gidansu a Camberwell, ana rushe tsohon gareji, shi ya sa na daina tsokanarsa. Ina layi ina jiran ya fito da baya ta ƙofar wurin, banksman yana ta kaɗa masa hannu ya taho, hanya fes. Sai kawai motar ta ci burki har bodin ya girgiza. Banksman ya ɗaga hannuwa yana masifa. Bai rufe baki ba wata yarinya ta ɓullo daga bayan katangar katako a kan keke, kunnuwanta a toshe da abin jin waƙa, ta wuce ta ƙarƙashin gindin motar ba ta ma san an yi ba. Daga inda Danladi yake zaune babu madubin da zai nuna masa ita. Da yamma na tambaye shi me ya gani, ya ce bai ga komai ba, an buga ne. Tsoho Mick da ya ji labarin ya shiga bayan motar da tocila, ya fito yana dariya, ya nuna mana ƙugiyar ƙofar baya da ta saki, ya ce ga fatalwarku nan. Na ji daɗin wannan bayani, na riƙe shi da hannu biyu. Aka yi wa ƙugiyar walda. Bayan sati Danladi ya ce min an sake bugawa.

Daga nan ne na fara sa masa ido. In yana ribas, kansa ba ya juyawa tsakanin madubai yadda aka koya mana. Sai ya sunkuyar da ido kan sitiyari, ya karkata kunne wajen taga, sak Direba Sale. Na yi masa magana ya ce, "Habu, madubi yana nuna abin da ke wurin. Baba Mato yana sanin abin da zai zo." Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma ban iya faɗa masa haka ba, don ba wawa ba ne, kuma shekaru suna ta wucewa bai ko goge fentin wani ba.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya fara tun kaka bai ɗauke ba har bazara, gari ya koma kamar fim ɗin naku, babu launi sai toka da baƙi. Ayyuka suka tsaya, aka sallami rabin direbobi. Tsoho Mick ya kwanta ciwo bai sake dawowa yadi ba. Hukuma kuma ta ce duk babbar motar da za ta shiga gari sai mai manyan gilasai da kyamara, don haka kamfani ya sayar da tsofaffin motocinmu ya karɓo sababbi. Sabuwar mota lafiyayya ce, ba na ƙaryata ta. Ba ta kwaramniya, ba ta ƙara, in ka rufe ƙofa kamar ka shiga ɗakin likita. Ramin da muke juyewa a lokacin ya cika da ruwa har kusa da baki. Ranar da Danladi ya fara ganinsa ya daɗe a tsaye, hannuwa a aljihu, sannan ya ce, "Ka ga kalar ruwan nan? Irin na gida ne." Masu wurin sun rage ma'aikata su ma, babu banksman a bakin rami, sai mai katafila ɗaya can nesa yana baje ƙasa. Abin da ya raba tayarka da ruwa shi ne ɗan tudun ƙasa da ake tarawa a gaɓa, shi kuma ruwan sama kullum cin sa yake yi.

Juyinsa na farko da sabuwar mota ina bayansa a layi. Na ga ya sa ribas, ya sunkuyar da kai, yana tafiya, yana tafiya, ya wuce inda kowa ke tsayawa. Tayoyin baya suka fara hawa tudun. Na danna hon da hannu biyu sannan ya tsaya. Da muka fita bakin ƙofa na tare shi. Na leƙa cikin motarsa na ga ya rataye hularsa a kan allon kyamarar.

"Yaya, wannan fa? Don me aka sa maka ita?"

"Tana sa ni jiri. Komai a cikinta a lanƙwashe yake."

"To madubi fa?"

Ya dubi madubin. Can ya ce, "Bai biyo ni sabuwar motar ba, Habu. Ina ta jira ya buga, bai buga ba. Kuma idona ya manta aikin. In na duba madubi ina ganin ƙasa, ina ganin ruwa, amma ban san nisan da ke tsakaninsu ba."

Abin da doka ta ce in yi a fili yake: in je ofis in faɗa. Su kuma za su tura shi gwaji, ya faɗi, a karɓe lasin, kuma mai shekarunsa a irin wannan shekarar ba ya sake samun mota. Ban kai ga yanke shawara ba Saratu ta tare ni a Rye Lane ranar Asabar, ina sayen doya. Ta ja ni gefe kusa da shagon masu kitso. Ta ce, "Malam Habu, na san ka gani. A gida ma haka yake zama, kai a karkace, kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce ya bar aikin ya ƙi, ya ce in ya zauna a flat zai mutu. Saura kaɗan ya kai retirement. Don Allah ka riƙe min shi ya kai." Na ce mata to. Na dawo gida da doyar ban san ko na karɓi canji ba.

Ranar Litinin na ɗauko babbar sifana daga akwatin kayana. Na ce wa Danladi daga yau duk inda za mu yi lodi ni ne a bayansa, kuma kada ya kuskura ya sa ribas a bakin rami sai ya ga na sauko. Haka na koma karen mota da furfurata. Dokar wurin ta hana direba fita daga mota a bakin rami, in an kama ni ni ma kora ce, amma mai katafila ɗan Poland ne mai kawaici, ya riƙa kallon wani gefen. Sai in ajiye motata, in dira cikin taɓo har idon sawu, in tsaya daidai ƙafafun bayansa ta gefen direba. Biyu, ya taho. Biyu, ya taho. Ɗaya, ya tsaya cak, ko kamu bai ƙara ba. Sanyi yana tsaga min yatsu, sifanar tana manne wa safar hannu, ga ruwan nan kore a bayana ko motsi ba ya yi. Ban taɓa son juya wa ruwan baya ba, amma aikin haka yake. Shi kuwa Danladi sai ya farfaɗo, har ƙiba ya yi. Yakan leƙo ta taga ya ce, "Hannunka bai kai na Baba Mato ba, Bakano, amma za a ci abinci da kai."

Mun ci watanni a haka. Ranar da abin ya faru da rana ne tsaka, sai dai hazo ya taso daga kogi ya rufe wurin, fitilun mota ma sun zama kamar aci-bal-bal. Danladi ya hau sikeli ya wuce. Ni da na hau sai mai sikelin ya tsayar da ni, ya ce ya ga kamar akwai ɓaraguzan bulo a cikin lakata, sai ya hau ya duba. Na ce masa sauri nake yi, ya ce kowa ma sauri yake yi. Ina zaune ina jin motoci suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, duk suna bin bayan Danladi. Na san direbobin nan. Mutum ya tsaya a gabansu a bakin rami ba ya motsi, za su cika shi da hon har ya rasa inda zai sa kansa. Na kira wayarsa, tana cikin jakar abincinsa kamar kullum.

Da aka sake ni na hau gangaren da gudun da ban taɓa yi a wurin ba. Tun kafin in ga komai nake jin hon ɗin. Na kai sama na hangi motarsa, gabanta yana fuskantata, ta riga ta fara ja da baya. Kuma ba inda muka saba ta nufa ba. Hazon ya karkatar da shi zuwa gefen da ruwa ya cinye tudun gaba ɗaya, babu komai a wurin sai gaɓa tsirara. Layin motoci ya tare min hanya. Na ja burkin hannu na dira, na bar sifanar a kan kujera. Na yi gudu a cikin taɓo, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi, ina ihu ina kiran sunansa, hazon yana haɗiye muryata. Ta gilashin gaba ina ganinsa, ido a kan sitiyari, kunne a taga.

A nan na ji shi. Ƙarfe a kan ƙarfe, sau biyu, a tsabtace, daga can bayan motar. Ba ƙarar ƙugiya ba ce, don sabuwar mota ba ta da abin da ya saki. Bugun hannun wanda ya iya ne, na biyun ya ɗan fi na farko nauyi, yadda tsofaffin karnukan mota ke yi. Na san babu kowa a wurin, don babu ma inda mutum zai tsaya. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni, ina ta innalillahi ƙafafuna suna ci gaba da gudu da kansu. Motar ta amsa bugun, ta ƙara taku. Sai Danladi ya ɗago kai.

Burkin ya yi tsaki, motar ta tsaya. Masu hon suka yi tsit. A cikin shirun nan muka ji gaɓar tana zubewa cikin ruwa, guntu-guntu, ba tare da wata ƙara ba. Tayoyin ƙarshe rabinsu a kan ƙasa, rabinsu a kan iska. Na ɗaga masa hannu kada ya motsa, mai katafila ya taho da sarƙa, aka ɗaura a gaban motar aka jawo ta a hankali. Sai da ta dawo kan ƙasa mai ƙarfi Danladi ya kashe inji ya sauko, yana bin matakala ɗaya bayan ɗaya kamar wanda ya tashi daga jinya. Bai kalli motar ba, bai kalli direbobin da suka taru ba. Hannuwana ya kama ya juya su, ya ga babu komai a ciki.

"Na ɗauka kai ne," ya ce. "Na ga kamar ka sauko, na ce to ka zagaya ta cikin hazo. Da aka buga na ce yauwa, ga Habu. Sai na ɗaga ido na gan ka a gabana kana gudu. Na ce to wa ke bayana?"

Ya saki hannuwana, ya ci gaba.

"Biyu ya buga, Habu. Duk shekarun nan tsayar da ni yake yi. Yau kirana ya yi."

Ya zare makullin motar daga aljihu ya sa min a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, "Ka kai musu office. Ka ce musu kunnena ya lalace." Na bar tawa motar a inda take, da lodinta da komai, wani ya juye min. Muka taka zuwa bakin ƙofa, ni da takalmi ɗaya, shi yana riƙe da hannuna, kuma har muka fita babu wanda ya waiwaya a cikinmu.